Llangollen: wane irin gari ne, kuma ta ina mai yini ɗaya zai fara?

Tambaya: Ina karatu a Wrexham, kuma ana yawan ba ni labarin wani ƙaramin gari na bakin kogi mai suna Llangollen. Me ya sa ya yi suna? Idan Asabar ɗaya kawai gare ni, yaya zan tsara ta?

Amsa: Ɗan'uwa, ka yi sa'ar wurin zama, domin daga Wrexham zuwa Llangollen bai kai kilomita 20 ba. Garin yana gundumar Denbighshire a arewa maso gabashin Wales, a Birtaniya, a bakin Kogin Dee, kuma mazaunansa ba su kai 4,000 ba. Ya samo sunansa daga wani waliyyin Kirista mai suna Collen, wanda tsohon cocin garin ke ɗauke da sunansa har yau.

Abin da zai sa ka gane garin da wuri shi ne yanayin ƙasar. Kwari ne matsattse tsakanin tuddai, kuma yana cikin manyan ƙofofin shiga arewacin Wales daga Ingila. Don haka a tazarar 'yan ɗaruruwan mitoci daga gadar garin akwai hanyoyi huɗu da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa: kogin kansa, layin dogo a bakinsa, magudanar jiragen ruwa da aka haƙa a jikin tudu, da babban titin A5 a ɗaya ƙetaren. Yawancin baƙi suna sauka, su zaga shagunan Castle Street, su ɗauki hoto a kan gada, su koma gida. Wannan asarar yini ce. Abin da ya cancanci ganinka yana bin ruwa ne, gabas da yamma da garin, kuma da ƙafa ake ganinsa.

Kafin komai, ga kuskuren da ya fi kama baƙi. Akwai tashar jirgin ƙasa a Llangollen, amma ba ta haɗe da babban layin dogo na Birtaniya. Layin asali ya iso garin a 1862, an daina ɗaukar fasinja a kansa a 1965, sai masu aikin sa-kai suka fara farfaɗo da wani yanki nasa daga 1975. Yau jirgin yawon buɗe ido ne mai tafiyar kimanin kilomita 16 zuwa Corwen, kuma ba kullum yake aiki ba. Wanda ya taso daga Liverpool ko Manchester sai ya bi ta Chester ya sauka a Ruabon, wanda ya taso daga Birmingham ya bi ta Shrewsbury ya sauka a can, sannan ya hau bas. Kai da kake Wrexham, bas kai tsaye za ka hau. Ka lura cewa allunan hanya da Welsh, harshen mutanen Wales, suke farawa: Wrecsam shi ne Wrexham, Rhiwabon shi ne Ruabon. In kuma da mota za ka je, tun watan Satumba na 2023 iyakar gudu a yawancin titunan cikin gari a Wales mil 20 ce a awa, ba 30 ba kamar yadda aka saba a Ingila.

Shawarata ita ce kada ka bari bas ta kai ka cikin gari da safe. Ka sauka a ƙauyen Trevor, kimanin kilomita 6 kafin Llangollen, ka gangara zuwa gadar ruwa ta Pontcysyllte. Gada ce da ke ɗauke da magudana sukutum, da ruwanta da jiragenta, ta ƙetare da su saman Kogin Dee. Tsawonta mita 307, tsayinta daga kogi mita 38, kusan bene mai hawa 12 ke nan. An fara ginin a 1795, aka buɗe ta a watan Nuwamba na 1805, ƙarƙashin injiniyoyi Thomas Telford da William Jessop. A 2009 UNESCO ta sanya ta, tare da kimanin kilomita 18 na magudanar, cikin wuraren tarihi na duniya.

Yana da kyau ka san abin da kake kallo, domin hikimar ba a tsayin kaɗai take ba. Kafin wannan gada, in za a ƙetarar da magudana saman kwari, da dutse ake gina kwamin ruwan, a shafe cikinsa da yumɓu mai kauri don kada ya yi yoyo. Dutse da yumɓu da ruwa nauyi ne mai yawa, shi ya sa tsofaffin gadojin ruwa gajeru ne masu kauri. A nan sai aka ƙera kwamin da faifan zubin ƙarfe da aka ɗaure da kusoshi, faɗinsa kusan mita 3.6, zurfinsa mita 1.6. Da nauyin sama ya ragu, sai aka samu damar siranta ginshiƙan dutsen a ɗaga su sama, kuma ɓangarensu na sama rami ne a ciki, ba cikakken dutse ba. Hanyar da doki ke bi yana jan jirgi ba a gefen kwamin aka gina ta ba, a kan ruwan aka ɗora ta, ruwa na ratsawa ƙarƙashinta. Dalili shi ne jirgin ya kusa cike faɗin da ya rage, kuma in babu inda ruwan da yake turawa zai zagaya ya koma bayansa, jan jirgin zai yi wa doki tsananin wuya. Wani abin kuma da mutane ke mamaki: shigowar jirgi ba ta ƙara wa gadar nauyi, domin yana ture ruwa daidai nauyinsa zuwa sauran magudanar.

Mai tafiya a ƙasa yana da shingen ƙarfe a gefensa. Ɗaya gefen, inda jirgi ke bi, babu shinge ko kaɗan, sai bakin ƙarfe ɗan siriri, bayansa kuma sarari. Hanyar ba ta da faɗi, mutum biyu da ƙyar suke wuce juna. In akwai yaro, a riƙe hannunsa ta gefen shinge daga farko har ƙarshe. In kana da jiri a wuri mai tsayi, kada ka tilasta wa kanka: akwai hanyar da ke gangarawa zuwa tsohuwar gadar dutse ta ƙasa, kuma daga can ne ma ake ganin ginshiƙan da kyau.

Daga nan labarin ya juya yadda masu aikin ba su tsara ba. Magudanar, wadda a lokacin ake kira Ellesmere, an so ta haɗa kogin Mersey da na Severn, ta haura arewa daga Trevor ta bi ta yankin Wrexham zuwa Chester, tana ɗaukar kwal da ƙarfe da dutsen farar ƙasa. Tuddan da ke tsakani suka yi tsadar ratsawa, aka watsar da wannan ɓangare, gadar da aka kashe wa dukiya mai yawa ta kusa zama hanyar da ba ta zuwa ko'ina. Mafi muni, ruwan da aka yi niyyar ciyar da magudanar da shi daga wancan ɓangaren da aka fasa zai fito. Sai Telford ya haƙa wani siririn reshe ya bi jikin tudu, ya wuce ta saman Llangollen zuwa Llantysilio, inda ya gina madatsa mai lanƙwasa a kan Dee, tsawonta kimanin mita 140, wadda ake kira Horseshoe Falls. Ita ce ke karkatar da ruwa zuwa cikin magudana. Wato magudanar da ta ratsa Llangollen asalinta hanyar kawo ruwa ce, jirage daga baya suka amfana. Wannan ne kuma ya cece ta: a 1944 kamfanin jirgin ƙasa da ya mallake ta ya samu izinin doka na rufe ta, amma ba a iya busar da ita ba saboda ana buƙatar ruwan. Har yanzu fiye da lita miliyan 50 ke bi ta cikinta kowace rana zuwa tafkin Hurleston a Cheshire, inda ake tace shi don sha.

Za ka ga shaidar wannan da idonka a tafiyar ƙafa daga Trevor zuwa gari, wadda ke ɗaukar awa ɗaya da rabi zuwa biyu a hanya shimfiɗaɗɗiya ba hawa. Ruwan yana gudu, saɓanin yawancin magudanan Birtaniya da ruwansu ke kwance. Akwai wuraren da aka sassaƙa cikin dutse, matsattsu har jirgi biyu ba sa wuce juna. Masu hayar jirgi da ba su san wurin ba nan suke shiga matsala: su kutsa ba tare da sun tura mutum gaba ya duba ba, su yi kiciɓis da wani jirgin, ɗaya ya koma da baya, alhali irin waɗannan dogayen jirage ba sa jin sitiyari in suna ja da baya. Ga rashin zurfi, ga ruwa na turo jirgin da ke haurowa. Daga matsayar jirage ta Llangollen zuwa madatsa kuwa ba a barin jirgi mai inji; jiragen da doki ke ja ne ke kai baƙi ta wannan ɓangare, kuma in ka gaji da tafiya, wannan hanya ce mai kyau ta ganin sa.

Gadar garin tana cikin abubuwa bakwai da tsohuwar al'ada ke kira abubuwan al'ajabi na Wales. Ana danganta ginin farko da John Trevor, bishop na St Asaph, wajen 1345, amma an sake gina ta daga baya, an ƙara mata baka ɗaya a shekarun 1860 don jirgin ƙasa ya wuce ƙarƙashi, an kuma faɗaɗa ta fiye da sau ɗaya. A ƙarƙashinta kogin na tafasa a kan duwatsu, kuma a nan dole in ja kunnenka. In rana ta fito za ka ga mutane zaune a kan faffaɗan duwatsun tsakiyar kogi. Duwatsun suna da santsi, ruwan kuma daga tuddai yake saukowa, yana da sanyi ko a watan Yuli. Wanda ya faɗa ruwa mai irin wannan sanyi, numfashinsa ne ke fara kufce masa a daƙiƙun farko, ya shaƙi ruwa kafin ya tuna ya iya iyo. Sannan yawan ruwan ba da ruwan saman Llangollen kaɗai yake tafiya ba: ana sarrafa Dee daga tafkin Bala da madatsun Llyn Celyn da Llyn Brenig, kuma ruwan da aka yi a tuddai can nesa yana iya ɗaga kogin alhali sama tana garau a gari. Masu tseren kwale-kwale da za ka gani suna sanye da rigar ruwa da hular kwano, kuma sun san kogin.

Tun da an ambaci Llyn Celyn, ka san cewa sunan yana da nauyi a zukatan mutanen Wales. An cika wannan madatsa a 1965 don bai wa Liverpool ruwa, aka nutsar da ƙauyen Capel Celyn na masu magana da Welsh, duk da cewa kusan dukkan 'yan majalisar Wales sun ƙi amincewa. In ka ga an rubuta Cofiwch Dryweryn (wato a tuna da Tryweryn, kwarin da aka nutsar) a bango ko a bayan mota, wannan abin ake tunawa. Ba maganar raha ba ce a wurinsu.

Da rana kana da zaɓi biyu, kuma a gaskiya yini ɗaya ba ya ɗaukar duka biyun cikin natsuwa in ka riga ka yi tafiyar safe.

Na farko shi ne hawa Castell Dinas Brân, kangon ganuwar da ke kan tsaunin da ya yi wa garin rumfa ta arewa. Ƙololuwar tana kan kimanin mita 320 daga matakin teku, hawan kuma daga gari minti 45 ne zuwa awa ɗaya, ƙarshensa a tsaye sosai. Tun zamanin ƙarfe akwai sansani a wurin, kuma ramukan kariyarsa na nan. Ganuwar dutsen sarakunan Powys Fadog, tsohuwar masarautar Wales ta wannan yanki, ne suka gina ta a shekarun 1260, ba ta kuma yi shekara 20 tana aiki ba. A 1277, da rundunar Sarki Edward na Ɗaya na Ingila ta matso, masu tsaronta suka cinna mata wuta da kansu don kada abokan gaba su amfana da ita. Bayan yaƙin 1282 tsakanin Ingila da Wales aka ba da ƙasar ga wani basaraken Ingila, John de Warenne, wanda ya gwammace ya gina sabuwar ganuwa a Holt a bakin kogi, aka bar wannan ta lalace. Daga sama ana ganin kwarin gaba ɗaya, da farin dutsen Eglwyseg a baya, da gadar ruwan da ka taka da safe can gabas. Iskar sama ta fi ta gari ƙarfi da sanyi nesa ba kusa ba, ciyawa kuma in ta jiƙe saukowa ta fi hawa haɗari. Takalmi mai santsin ƙasa shi ne ke jawo yawancin faɗuwa. Filin kiwon tumaki ne, don haka duk ƙofar shinge da ka samu a rufe, ka rufe ta bayanka.

Na biyu, wanda na fi so ga mai sha'awar tarihi, shi ne ci gaba da bin magudana yamma, kimanin kilomita 3, zuwa madatsa. Kafin ka isa akwai gadar sarƙa ta Berwyn, wadda wani ɗan kasuwar kwal, Exuperius Pickering, ya fara ginawa a 1817, aka gyara ta aka sake buɗewa a 2015. Tana haɗa magudana da tashar Berwyn, saboda haka in jirgin ƙasa na aiki a ranar kana iya zuwa da shi ka dawo da ƙafa. Daga wannan yanki hanya na haurawa zuwa Valle Crucis, gidan ruhubanawa (Kiristoci masu keɓe kansu don ibada) na ɗariƙar Cistercian, wanda sarkin yankin, Madog ap Gruffudd Maelor, ya kafa a 1201. Waɗannan ruhubanawa da gangan suke neman kwari mai nisa da mutane, kuma kiwon tumaki da sayar da ulu ne suka arzuta su, har a ƙarshen zamaninsa gidan ya zama na biyu a arziki cikin irinsa a Wales, bayan gidan Tintern. Shugabanninsa sun riƙa ɗaukar nauyin mawaƙan Welsh, cikinsu har da Guto'r Glyn, wanda ya ƙare rayuwarsa a can. An rufe gidan a 1537 lokacin da Sarki Henry na Takwas ya rushe irin waɗannan gidaje ya ƙwace dukiyarsu. Bangon yamma da zagayayyiyar tagarsa yana tsaye, ɗakin taron ruhubanawa na nan da rufinsa na dutse, haka ma tafkin da suke kiwon kifi. Cadw, hukumar kula da wuraren tarihi ta Wales, ce ke kula da wurin. Ka duba lokutan buɗewa kafin ka taso, musamman da hunturu. 'Yan ɗaruruwan mitoci gaba, a tsakiyar gona, akwai ginshiƙin Eliseg, ragowar wata gicciye ta dutse da Sarki Cyngen na Powys ya kafa a ƙarni na 9 don tunawa da kakan mahaifinsa. Rubutun ya shafe kusan duka, amma masanin nan Edward Lhuyd ya kwafe shi a 1696, kuma ta hanyarsa aka san jerin sarakunan da ke jiki.

In lokaci ya rage a cikin gari, akwai Plas Newydd, gidan da wasu mata biyu daga manyan gidajen Ireland, Eleanor Butler da Sarah Ponsonby, suka zauna daga 1780 har kusan shekara 50, suka cika shi da sassaƙen katakon oak, manyan mutane irin su Duke na Wellington suna ya da zango wurinsu a kan hanyar Holyhead, tashar jiragen ruwan zuwa Ireland. Kada ka rikita shi da wani Plas Newydd da ke tsibirin Anglesey, domin taswirar waya na iya kai ka can. Cocin St Collen kuma yana da rufin katako mai sassaƙa na ɗaruruwan shekaru da suka wuce wanda ya cancanci minti goma.

Sunan garin a duniya kuwa daga bikin kiɗa da waƙa na ƙasa da ƙasa ya fito, wanda ake kira Eisteddfod. An fara shi a 1947, shekara biyu bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da niyyar haɗa al'ummomin da suka gama yaƙar juna a gasar waƙa da rawa. Ana yin sa kowane Yuli, ƙungiyoyi daga ƙasashe da dama na zuwa cikin kayan gargajiyarsu. Mawaƙin Italiya Luciano Pavarotti ya zo yana saurayi a 1955 cikin ƙungiyar mawaƙan birnin Modena da ta yi nasara, ya kuma dawo a 1995 bayan ya shahara. Wannan daban yake da Eisteddfod na ƙasa, wanda da Welsh zalla ake yi kuma yake sauya gari kowace shekara. A makon bikin masauki yana ƙarewa tun da wuri, titi yana cushewa, wurin ajiye mota yana wuya. In bikin kake so, ka nemi masauki tun watanni kafin. In garin kake so, ka kauce wa wannan mako.

Game da abinci, naman ragon Wales ya yi suna, amma kada ka ɗauka yankan Musulunci ne sai an tabbatar maka. Kifi ya fi sauƙi, sai dai wasu wurare da giya suke kwaɓa fulawar da suke soya shi da ita, don haka ka tambaya. Ƙananan wainar fulawa da ake kira Welsh cakes wasu da man shanu suke yi, wasu da kitsen alade. Wannan ma tambaya ce ta daƙiƙa biyar. Mafi sauƙi shi ne ka taho da guzurinka daga Wrexham, inda akwai masallaci da shagunan halal, ka saka ƙaramar sallaya a jaka. Lokacin salla yana sauyawa sosai da kakar shekara: a watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9:30 na dare, a Disamba kuwa kafin ƙarfe 4 na yamma ta faɗi. Da hunturu ke nan Azahar da La'asar da Magariba duk za su same ka a hanya, kuma babu fitila a bakin magudana ko a kan tsauni. A irin wannan lokaci ka bar hawan Dinas Brân sai in ka fara shi kafin ƙarfe 1 na rana.

Ka tafi da rigar ruwa ko da hasashen yanayi ya ce rana za a yi, domin lema ba ta jure iskar kan gada ko ta kan tsauni. Sannan ka duba lokacin bas ta ƙarshe zuwa Wrexham tun da safe, ka rubuta shi. Da yamma motocin suna raguwa, ranar Lahadi sun fi ƙaranci, kuma tasi a ƙaramin gari irin wannan sai an kira tun da wuri ake samu.